Faranshin Mahaifiyata

Shekarun baya, duk wanda ya doso gidanmu a Talata Mafara da hantsi, ƙamshin gumi ne ke fara yi masa maraba tun kafin ya yi sallama. Wanda bai tashi a ƙasar shinkafa ba da wuya ya san shi. Shanshera ce, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, ake jiƙawa ta kwana a ruwa, a zuba a manyan tukwane a rufe da buhu, tururi ya ratsa ta. Ƙamshin da ke tashi yana tsakanin na ƙasa idan ruwan fari ya sauka da na ƙanzon tuwo. Har yau idan na ji shi, ko a bakin hanya ne, sai zuciyata ta yi sanyi, sa'an nan ta ɓaci. Yau zan gaya muku dalilin ɓacin.

A cikin matan unguwarmu masu gumi, mahaifiyata ce ke riƙe da tiya. Ba zaɓenta aka yi ba, ba kuma wanda ya naɗa ta. Shekaru ne suka miƙa mata. Ita ke auna shansherar da aka sayo daga manoman rani, ita ke auna rabon kowa idan an dawo daga inji. Abin da ta ce shi ne awo. Mace za ta ajiye buhunta ta tafi duba girki, ta dawo ta ɗauki abin da aka ware mata ba tare da ta leƙa ciki ba. Ba mu da gona mai yawa, ba mu da gidan bene. Wannan tiyar ce dukiyar gidanmu, kuma kowa ya san haka.

Mahaifiyata tana da ƙanwa guda, wadda aure ya kai wani gari kusa da Maraɗi tun ba a haife ni ba. Mu 'ya'yan gidan muna kiranta Innar Faranshi. Ga waɗanda ba su sani ba: tsofaffinmu ba sa cewa Nijar. Tun zamanin da Turawa biyu suka raba ƙasar a tsakaninsu, can ya zama Faranshi, nan ya zama Ingilishi, kuma a bakin tsofaffi haka ya zauna. Nijar kalmar rediyo ce. Ita ma Innar idan ta zo, abin da take fara cewa daga zaure shi ne, “Ina 'yan Ingilishi? Kun tashi ko in koma?”

Tsakanin 'yan'uwan nan biyu akwai ciniki wanda ya girme ni. Duk ranar kasuwar Talata akwai direban da ke ɗaukar buhunan shinkafar matan unguwarmu ya yi arewa da su. Can Innar Faranshi ta raba wa nata matan su sayar. Idan motar ta juyo sai ta zo da wake, da riɗi, da albasa, da cukwi a naɗe cikin zane, wanda rabinsa a cikinmu yara yake ƙarewa. Saƙon baki ne kawai ke tafiya tare da kayan, kuma ban taɓa jin an ce wani abu ya ɓata ba.

Abu ɗaya ne ke cin ran matan: tsakuwa. Injin unguwa yana cashe shinkafa amma ba ya raba ta da tsakuwa. Don haka bayan jiƙo da gumi da shanya da inji, sai a zauna da faifai a tsince da hannu. Na tashi ina ganin mahaifiyata a sunkuye, tana kai faifai kusa da ido, kowace shekara kusa fiye da bara.

A wannan shekarar ina gida hutun makaranta, kaina cike da waƙoƙin da nake rubutawa a kan gajimare da gulbi. Wani abokina da muka yi sakandare tare ya tsayar da ni a hanya ya ce, “Ke mai waƙe-waƙe, ga abin da ya fi waƙa.” Ya ce wata ƙungiya daga ƙetare ta kawo tallafi, ba bashi ba, don masu sana'ar abinci da ke haɗa hannu tsakanin ƙasashe biyu masu tasowa. Za a zauna a Bakura a saurari ƙungiyoyi da baki, wadda ta dace a saya mata kayan aiki. Ya ce har injin da ke tsince tsakuwa yana ciki.

Ban san yadda na isa gida ba. Kafin in kai ƙofa na riga na ga buhunanmu da zanen hannaye biyu a jiki, na 'yan'uwa biyu, ɗaya daga kudu ɗaya daga arewa. Har na fara tsara baitin da za a rubuta a ƙasan hannayen. Haka nake, kuma ban warke ba.

Mahaifiyata ta saurare ni tana juya shanya da ƙafa. Da na gama ta ce, “Ke ɗiyag ga, mu da gumi biyu muke ci, na tukunya da na goshi. Abin da ba ka yi ma gumi ba, da wulaƙanci shike zuwa.”

Na ce, “Inna, ba roƙo za ki yi ba. Abin da kuke yi tun tuni shi suke nema. Faɗa kawai za ki yi.”

Ba ni na shawo kanta ba, matan ne. Da suka ji zancen injin tsakuwa sai suka cika tsakar gidanmu. Wata ta nuna yatsunta da suka tsage, wata ta ce ita da la'asar ba ta ganin komai a faifai sai hazo. Suka ce in ba ita ba wa zai yi magana a yarda? Daga ƙarshe ta ce, “To. Don idanunku za ni.”

Na zaunar da ita na yi mata bita kamar ɗalibar da za ta shiga jarrabawa. Yadda za ta gaisa a taƙaice, don na ji Turawa ba sa son doguwar gaisuwa. Yadda za ta bayyana gumi daki-daki. Yadda za ta ɗaga murya. Komai na taɓo, ban da kalma ɗaya, domin a kunnena ba ta da wani aibu. Da ita aka yi mini tawai, da ita aka yaye ni.

Ranar muka cika mota muka nufi Bakura. Ta sa atamfarta ta zuwa suna, ta ɗauki kwanon sha mai murfi ta cika da shinkafar da ta tsince da kanta har ba ƙwayar da ta karye, ta ɗora cukwi a kai. Ta ce, “Baki shina ƙarya, kwano ba shi yi.”

Ɗakin taron ya cika. Ga matan Garbadu, ga na Maradun, ga wasu daga Gidan Goga da suka yi sammako. A gaba an jera tebur da farin ƙyalle. Akwai wata Baturiya mai fara'a, da wani babban mutum daga Abuja mai tabarau wanda ba ya jin Hausa, sai na ukunsu, tafinta. Matashi ne mai tsabta, shaddarsa na ƙyalli, Hausarsa irin ta masu karanta labarai, kowace kalma a goge. Abin magana mai lasifika guda ɗaya ne a ɗakin, kuma a hannunsa yake. Shugabar kowace ƙungiya za ta je gaban tebur ta zauna ita kaɗai, sauran mata suna baya. Ni na samu gefen benci kusa da taga, inda nake jin abin da ake faɗa a tebur idan na kasa kunne sosai.

Da aka kira mahaifiyata ta je ta zauna, ta ajiye kwanon a kan cinyarta. Ta manta da bitar gaisuwa, ta tambayi Baturiya gajiya da gida da iyali da waɗanda ta baro. Tafinta ya dunƙule duka a kalma biyu. Ta bayyana gumi yadda ya kamata, har na ji ina alfahari. Sai aka zo ga tambayar da ita ce ƙashin bayan taron.

“Hajiya,” in ji tafinta, “ana tambaya, kuna da abokan hulɗa a ƙasar waje?”

Ta ce, “Ƙasar waje? A'a ɗana, mu ba mu da kowa waje. Faranshi dai muke kaiwa, wurin ƙanwata.”

Ya juya ga baƙin ya ce da Turanci, wai ta ce ba su da abokin hulɗa a maƙwabta, amma suna sayar da shinkafarsu a Faransa. Faransa ta Turai ya faɗa, da sunanta na Turanci, ba kwana-kwana.

Baturiyar ta ɗaga gira. Ta yi tambaya, ya juyo da ita.

“Ta ce da me kuke kaiwa? Jirgin sama ko na ruwa?”

“Wane irin jirgi kuma? Motar ranar Talata ce. In damina ta ɓata hanya a sauke a ɗora ma amalanken jaki, har ƙofar gidanta.”

Wannan karon bai dunƙule komai ba. Kowace kalma ya kai musu, ya ja jakin a hankali kamar mai ba da labarin ban dariya. Mutumin Abuja ya fashe da dariya har ya cire tabarau yana share ido. Baturiyar ta kare bakinta da hannu. Abin da ba zan manta ba har in koma ga Allah shi ne, mahaifiyata ta dube su, ita ma ta yi murmushi. Ta zaci magana ce ta yi musu daɗi. Har ta kai hannu ga murfin kwanon za ta buɗe.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗaga murya da Turancin da na fi ji da shi na ce a gafarce ni, an yi kuskure. To, a nan halina ya ci ni. Maimakon in jefa kalma ɗaya, sai na ɗauko zance tun daga kakanni. Na fara da cewa kafin a ja layi a kan ƙasar nan, mutanenta ɗaya ne, gulbi bai san iyaka ba. Ina ma jin wani ɓangare na kaina yana yaba tsarin jimlar. Ban kai rabi ba tafinta ya ɗaga hannu.

“'Yan mata, shugabanni kawai ke magana. Zauna.”

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na ce da ƙarfi, “Nijar! Nijar take nufi!”

Baturiyar ta juyo ta dube ni, na ga alamar tambaya a fuskarta. Kafin ta buɗe baki tafinta ya sunkuya ya gaya mata cikin sanyin murya cewa 'yar matar ce, 'yar makaranta ce, ta san sharaɗin tallafin, shi ya sa take gyara wa uwarta zance. Na ji shi da kunnena. Baturiyar ta gyaɗa kai irin na wanda ya saba ganin haka, ta yi mini murmushin tausayi, ta mai da idonta kan tebur.

Da a nan ya tsaya, da na ce rabo ne bai tsaga ba. Amma ya ɗauki abin maganar, ya fuskanci ɗakin, ya ce da Hausa, “Jama'a, baƙinmu sun roƙi a riƙa faɗin gaskiya. Nan ba dandalin tatsuniya ba ne. Wadda ta san ba ta da abin faɗa, kada ta ƙirƙira. Hajiya, mun gode. Ta gaba.”

Ni da nake jin Turanci ban ji inda baƙin suka roƙi haka ba.

Mahaifiyata ta tashi da kwanonta a rufe. Daga tebur zuwa bencin baya ba nisa, amma ban taɓa ganin tafiya mai tsawo kamar wannan ba. Matan da ke baya ba su ji abin da ta faɗa ba, muryarta ba ta kai musu ba. Abin da suka ji kawai shi ne dariyar manya, da abin da lasifika ta faɗa. Suka bi ta da ido.

Da aka tashi sallar azahar na tare tafintan a bakin mota. Na rusuna, na yi masa magana da ladabi. Na ce, “Yallaɓai, a wurinmu idan tsofaffi suka ce Faranshi, Nijar suke nufi. Don Allah ka koma ka gaya musu.”

Ya dube ni daga sama har ƙasa. “A wurinku? Ƙanwata, na yi karatu, na zauna Kaduna, na zauna Abuja, ban taɓa jin wannan ba. Faransa tana Turai. Ki je ki duba taswira.” Ya shiga mota ya ja murfi. Na nemi Baturiyar, aka ce tana ciki tana cin abinci, ba a shiga.

Muka kamo hanyar dawowa. Mun kusa gida mahaifiyata ta matso kusa da kunnena ta ce, “Ke da kika yi boko, mi nac ce?”

Na gaya mata duka. Ta ce, “Waccan ta Turawa? To mi za ni kai musu, su da ba su cin tuwo?” Sa'an nan ta ce, “Yaron bai sani ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah shi sanar da shi.”

Ni kuwa ban iya cewa amin ba.

Magana ta riga mu isa gari. Kafin mako ya zagayo, a kasuwa ana cewa an kama mai tiya tana yi wa Baturiya ƙarya. Wace ƙarya? Ba wanda ya sani, don haka kowa ya ƙera tasa. Wasu suka ce ta ce tana da jirgi. Wasu suka ce ta ce gonakin rani da ke shan ruwan dam duk nata ne. Wani mai awo da ya daɗe yana jin haushin yadda ake fifita awonta, idan ta wuce sai ya ɗaga murya ya ce wa na kusa da shi, “Ku ba da hanya, jakin Turai zai wuce.” Na yi bayani har bakina ya gaji. Duk wanda na gaya wa sai ya ce, “To ai ke ɗiyarta ce.” Maganar tafinta ce ta dawo mini a bakin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

Matan unguwarmu sun san gaskiyar cinikin, da hannunsu suke ɗora buhu a motar Talata. Amma sun sa rai da injin har sun fara ganinsa a mafarki, kuma wanda ya rasa abu yana neman wanda zai ɗora wa. Na ji wata tana cewa, “Wa ya san abin da tac ce can gaba? Mu muna baya.”

Ranar da aka dawo daga inji aka zauna rabo, mahaifiyata ta auna wa kowa kamar kullum. Sai wata maƙwabciyarmu, wadda mahaifiyata ce ta yi mata wankan jego, ta tsaya a kan buhunta ba ta ɗauka ba. Ta ce tana kallon ƙasa, “Ba don komi ba, Yaya. Ara min tiyar in sake aunawa, ido dai shi gani.”

Mahaifiyata ta kakkaɓe tiyar, ta goge ta da gefen zane, ta miƙa mata da hannu biyu. Matar ta auna a gaban kowa. Awo ya cika, har da ɗan abin da mahaifiyata kan ƙara a kai. Ta miƙo tiyar tana kame-kame.

“A'a,” in ji mahaifiyata. “Riƙe ta gaba ɗaya.”

Ta shiga ɗaki. Na bi ta na same ta zaune a bakin gado, kwanon Bakura a gabanta, har ranar ba a buɗe shi ba. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, ita ke ba ni haƙuri.

Labari ya bi motar Talata ya yi arewa. Mako na gaba motar ta dawo da wake da albasa da Innar Faranshi a gidan gaba, mayafi a ɗaure a ƙugu. Ba ta biyo ta gida ba. A tsakiyar 'yan awo ta sauka, ta tafa hannu ta ce, “Jama'ar Ingilishi, ku taho ku ga Baturiya! Ga ni, daga Faranshi nit taho. Jirgina na can bakin gari shina cin ciyawa!” Kasuwa ta ɗauki dariya. Ta nufi mai awon nan ta tsaya a gabansa. “Kai ne mai zancen jaki? Albasar da kake saye wurin yayata, daga ina kake zaton take hitowa, daga Makka? Tsohuwarka da ta tafi biki Maraɗi bara, ina tac ce maka za ta?”

Ya sunkuyar da kai yana dariyar kunya. “Faranshi tac ce.”

“To uwarka ma maƙaryaciya ta?”

A rana ɗaya ta wanke abin da na yi makonni ina gogewa da Turanci da Hausa. Da yamma matan suka zo gidanmu, maƙwabciyar tana gaba da tiya a hannu, tana hawaye. Mahaifiyata ta yafe mata tun kafin ta gama roƙo, ta sa aka kawo musu fura. Amma tiyar ba ta karɓa ba. Ta ce, “Tiyar da anka auna bayanta ta gama aiki a hannuna.” Innar Faranshi ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi zagin wasa. Ba ta karɓa ba, har yau.

Tallafin kuwa wani kamfani aka ba, wanda ba mai gumi ko ɗaya da ta taɓa jin sunansa. An kafa allo a bakin hanyar Bakura, da tutoci biyu a jiki da hannaye biyu suna musafaha. Har hannayen da na yi mafarki sun samu, sai dai ba namu ba. Aka yi gini, aka sa kwado. Duk lokacin da na wuce, awaki nake gani suna shan inuwa a gindin allon. An yi ta raɗe-raɗin wane ɗan'uwan wane ne. Ban sani ba, ba zan ɗauki alhakin kowa ba.

Shekaru sun wuce, hanyoyin ma sun lalace yadda motar Talata ba kullum take iya tafiya ba. Amma idan na tuna ranar, abin da ke tafasa mini zuciya ba injin ba ne. Mutanen nan sun taso daga nesa, sun sha jirgi da mota, suna neman mata biyu a ƙasashe biyu da ke ciyar da juna. Matar tana zaune a gabansu, shaidarta a kan cinyarta, murfi kawai za a ɗaga. Ba wanda ya ce a ɗaga. Ba wanda ya ce, tsaya, tsohuwa mai wannan kamala me zai sa ta yi irin wannan ƙarya, a tambaye ta sunan garin. Tambaya ɗaya ce. Dariya ta fi musu sauƙi, domin tun kafin su zo sun riga sun yarda cewa talaka idan ya ga kuɗi zai faɗi komai. Sun zo taimakon masu ƙetare iyaka, su kuwa sun kasa ƙetare faɗin tebur.

Kuma ina jin haushin abin maganar nan guda ɗaya. Tun daga ranar, duk taron da na shiga, kafin in dubi wanda ke kan kujera sai na dubi wanda ke riƙe da shi. Idan aka ce in yi wa wata tsohuwa tafinta a asibiti ko a ofis, ba na juya kalmarta sai na ce, “Inna, me kike nufi?” An sha ce mini ina ɓata lokaci. A ɓata.

Mahaifiyata tana nan da ranta. Ba ta tsintar shinkafa yanzu, idon ya ƙi. Tana zama a inuwa tana jin ƙamshin gumin wasu, ta gaya musu daga inda take cewa wuta ta yi yawa. Idan zancen Bakura ya taso, abin da take cewa bai sauya ba: yaron bai sani ba ne, Allah ya sanar da shi. A kan wannan ta kwantar da ranta. Ni ma a hankali na bi ta, na riƙa cewa laifin boko ne da ke raba yaro da harshen kakarsa. Har tausayinsa na fara ji.

Akwai abu ɗaya da ban gaya mata ba.

Bara na je suna a Maradun, gidan dangin mijin wata ƙawata. Muna zaune a tsakar gida cikin mata, sai aka shigo da wata tsohuwa da ta sha hanya, ƙura har gira, da ƙullin cukwi a hannu. Aka shimfiɗa mata tabarma, maza suka fara shigowa gaisuwa. Cikinsu akwai wani mai shadda, furfura ta fara taɓa gemunsa. Na gane shi tun kafin ya cire takalmi: tafintan Bakura ne. Ya durƙusa a gabanta, ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki, ba Hausar rediyo ba ce ta fito.

“Inna, kun sha hanya. Yaya kunka baro mutanen Faranshi?”

Na taɓa matar da ke kusa da ni, na tambaye ta wane ne wannan.

Ta ce, “Wanga? Ɗanta na. Can anka haife shi, can yay yi allo. Sai da ya girma kawunshi ya kawo shi Ingilishi boko.”